Manoman Jawa Masu Soya Iri

Ƙamshin soyayyar gyaɗa a kasuwar Ajingi ne ya tuno mini da kakana jiya. In muna ɓarar gyaɗa a zaurensa na Gaya, sai ya ɗauko labarin mutanen Jawa da ya zauna da su a Makka. Wai Turawa sun tilasta musu noman kofi, su kuwa sai su soya irin su shuka don kada ya tsiro, su koma gida su ci tuwonsu da miyar kuka.

Ran nan na ce, "Alhaji, a Jawa ma kuka suke sha?"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ja'ira! Rabin labarin na babana ne. Shi irin auduga ya soya wa Bature."

Allah ya sanyaya makwancinka, tsohona, ya haɗa ka da abokanka na Jawa a Aljanna.