Yadda Muka Kai Inna Lilon Yamai

Kaura Namoda

Ana kiran assalatu Mudi direba ya tsayar da bas ɗinsa a ƙofar gidana. Mako guda ke nan bayan ƙaramar Salla, a shekara ta biyu da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Muka ɗaure tabarmi da jarkokin ruwa a saman mota, matata Hadiza ta shigar da bokitin dambu da na soyayyen nama, muka yi sallar asuba, ƙarfe shida saura kwata muka tashi. Yamai muka nufa, babban birnin Nijar, za mu kai yara filin wasa su hau lilo. Abin da na gaya wa kowa ke nan, amma abin da ke raina ya wuce lilo.

Sunana Lawali, ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan na Kaura" take ce mini. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar babanmu, a nan Kaura, ita kuwa Inna tana Birnin Tsaba. Na kai shekara arba'in da uku ba ta taɓa kallon tsabar idona ba, ba ta taɓa kwana a gidana ba. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ya yi ta cin raina ba.

Da damina ƙafafunta suka fara kumbura. Likita a Gusau ya ce zuciya ce, ya ja ni gefe ya ce lallai ta zauna kusa da asibiti. Na gyara mata ɗaki, na aika ƙanena Sani ya roƙe ta. Amsar da ya kawo gajeriya ce: "Ban kwana gidan wancan." To, wanda ba ta iya ce wa a'a a duniya shi ne ɗana Nasiru, ɗan shekara shida, wanda take kira maigidanta. Shi ya ga hoton lilon Yamai a shagona, wanda Alhaji Isuhu abokin cinikina ya aiko, ya hana kowa sakat. Sai na ga hanya. In na samu kwana biyar da ita a mota guda, wataƙila ta saba da ganina har ta yarda.

Lissafin farko na 'ya'yana bakwai na yi, wautar da ba a yi a gida irin namu. Da labari ya kai Birnin Tsaba 'ya'yan Sani suka fara wanke tufafi, na ƙanwarmu ma haka. Kafin in farga yara sun zama goma sha shida, manya biyar. Na sayar da buhu goma sha biyu na wake da sa guda. Na kasa kuɗin kashi huɗu: na mota, na hanya, na filin wasa, da na maganin Inna wanda na rantse ba mai taɓa shi. Shatar motar ta cinye kusan rabi, amma ba makawa, don a lokacin motocin haya ba su haɗa maza da mata, mu kuwa ba ma son a raba mu.

Birnin Tsaba da Zurmi

Hantsi bai ɗaga ba muka ratse zuwa Birnin Tsaba. Inna ta fito a hankali da ɗan kwandonta, Nasiru na riƙe da gefen zanenta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bangon gida. Na tanadar mata kujerar gaba saboda ƙafafunta, ta wuce ta zauna a kujerar ƙarshe, inda ya fi kowane wuri nisa da ni.

A bakin Zurmi 'yan hizba suka tare mu. Wani saurayi ya leƙo ya ga mata a baya, maza a gaba.

"Duk gida guda na?" ya tambaya.

"Awo," in ji Mudi, "tsohuwa ta da ɗiyanta da jikoki."

Saurayin ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya janye itacen da suka gitta a kan titi.

Jibiya zuwa Maraɗi

Mun isa Jibiya da azahar saboda ramukan hanya. Nan na canza naira zuwa sefa, na ga damin kuɗina ya koma 'yan takardu da ba su cika aljihu ba. A kan iyaka muka ɓata sa'a biyu wajen takardar mota. Wani jandarma ya ƙirga yaran sau biyu, ya tambayi Sani ko makaranta ce muka ɗauko. Bayan la'asar muka shiga Maraɗi, muka sauka gidan wani mai masaukin fatake kusa da kasuwa, ɗaki biyu jika shida, wato sefa dubu shida.

Da yamma Inna ta buɗe kwandonta ta raba wa yara nakiya. Nasiru ya kawo mini guntun tasa. Ina sa ta a baki na tuna gidan Goggo, don irin wannan nakiyar mai yawan kanumfari ita nake samu kowane wata ina yaro. Na ce a raina ashe duk tsofaffin da hannunsu ɗaya ne, na wuce wurin.

Maraɗi zuwa Yamai

Wannan ita ce doguwar rana, tafiyar ta haura kilomita ɗari shida. Muka bar Maraɗi bayan asuba, muka karya da dogon burodinsu da shayi a Madawa, azahar ta same mu bayan Ƙonni. Shingen jandarma ba ya ƙirguwa, amma in takardunka sun cika ba su riƙe ka. Kowace tsayawa sai in sayi ruwan sanyi in ba Hadiza ta miƙa wa Inna, don na san daga hannuna ba za ta karɓa ba. Bayan Doso yara suka hango raƙuman dawa biyu a gefen hanya, motar ta kaure da ihu. Na waiwaya na ga Inna na dariya. Muna haɗa ido ta ja mayafi ta juya wajen taga.

Magariba ta yi mana a Yamai. Alhaji Isuhu ya tarbe mu da tuwon shinkafa da kifin Kwara, ya ba mata da yara sashen matarsa, mu muka kwana a zaure. Kwana biyu a mota guda, ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakanina da ita ba. Na fara ganin na sayar da sa a banza.

Filin wasa

Washegari bayan azahar Alhaji ya raka mu. A ƙofa na gane kuskurena. Na ɗauka in ka biya kuɗin shiga shi ke nan, ashe kowane abin hawa da tikitinsa, kowane kai da nasa. Na tsaya gefe na sake lissafi, ya zama kowane yaro abu biyu zai hau, manya kuwa kallo. Yaran suka ɓata rai, amma da suka hau dokunan katako masu zagayawa suka manta da ni.

Babban lilon yana tsakiyar fili. Kamar ƙafar keke yake a tsaye, ya fi kowace kuka da na sani tsawo, da kwandunan ƙarfe rataye a jikinsa, kowanne na ɗaukar mutum uku. Manyan yara suka hau suka sauko. Da aka zo kan Nasiru, wanda duk saboda shi aka zo, sai ya ƙanƙame Inna.

"Ni ban hawa sai da matata."

"Kai maigida, rago ka ke ashe," in ji Inna. "To mu tahi."

Na ce wa Sani ya hana ta, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya ce in ina iyawa in hana ta da kaina. Ta riga ta zauna. Mai kula da lilon ya ce tsohuwa da ƙaramin yaro ba su hawa su kaɗai, sai da babba. Sani ya ɓace cikin yara, Hadiza ta sunkuyar da kai. Mutumin ya kama hannuna ya tura ni ciki ya rufe ƙofar, na biya tikiti uku da kuɗin abincin komawa.

Ni mutum ne da ko rumbu ba na hawa. Lilon na fara ɗagawa na rufe ido. Mun kai can ƙoli sai na ji ƙarar injin ta mutu, kwandon ya yi gaba ya yi baya ya tsaya. An ɗauke wuta. Daga ƙasa wani ya ɗaga murya yana dariya, wai mu yi haƙuri, wutar daga ƙasarmu take zuwa. Na buɗe ido na hango kogin Kwara da gadarsa, mutane sun zama 'yan mitsi-mitsi, gwiwoyina suka kama rawa har kwandon na motsi.

Sai na ji hannu ya kama wuyan hannuna, hannu mai sanyi, busasshe. Na duba, na Inna ne. Fuskarta na wajen Nasiru.

"Maigida, hwaɗa ma ubanka shi bar rawar jiki, ba mu hwaɗuwa. Tun yana kamar kai haka ya ke. Yara na hawan katangar masallaci suna diro, shi yana ƙasa riƙe da takalmansu."

Nasiru ya yi dariya ya ce, "Ke ina kis sani? Ai Baba gidan Goggo yag girma."



"Kowane wata ni kan tahi Kaura saida daddawa," ta ce. "Daddawa ko akwai masu saye Birnin Tsaba. Sai in zamna bakin rijiyag ga ta bayan gidan Goggo, in jira a taso makarantar allo. In ya wuce in ga ko ya rame, ko an yi mai aski. Ran nan yah hwaɗi gabana gwiwa ta hwashe, ina kallo, ban tashi ba, don mutane na wurin. Ran nan ban ci abinci ba. Nakiya ni ka bar ma Goggo ta ba shi, in ce kada ta hwaɗi mai kawowa."

Tabon na nan a gwiwata ta hagu har yau. Na tuna faɗuwar, na tuna akwai mata masu talla a bakin rijiyar, amma ban taɓa duban fuskar ko ɗaya ba. Hawaye suka zubo mini, ban iya share su ba, don hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗayan yana hannunta, kuma ba na son ta saki.

Sai na ce, "Nasiru, ka ce ma Inna ɗakinta na nan Kaura an gyara. Ka ce mata ina roƙonta."

Yaron ya maimaita mata kamar ba ta ji ba. Can injin ya tashi, muka fara saukowa, kafin mu kai inda idon mutane zai same mu ta janye hannunta ta gyara mayafi.

Komawa ta Shinkafi

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa. Muka kwana a Ƙonni, muka shigo ta Illela, muka bi ta Goronyo da Isa. Dambu ya ƙare, muka koma garin kwaki da ƙuli-ƙuli, kuɗin magani kuwa na nan yadda na ɗaure su. Inna na kujerarta ta baya, ba ta ƙara ko kallon inda nake ba. Na ce wa kaina ko abin da na ji a sama kaɗai na samu, ya isa. Amma ƙafafunta sun ƙara hawa, ina gani duk lokacin da ta sauko alwala.

A Shinkafi muka yi la'asar, ranar kasuwa ce, garin cike da shanu da raƙuma. Mudi ya ce zai sauke mu a Kaura, sannan ya wuce da su Inna Birnin Tsaba kafin duhu. Na ce to.

Gida

Rana ta yi ja muka tsaya a ƙofar gidana. Muka sauke kayanmu, yara suka yi sallama da 'yan'uwansu, na zagaya ta taga na durƙusa na ce Allah ya kai su lafiya. Mudi ya tayar da mota. Sai na ji muryarta daga baya.

"Direba, dakata. Sani, miƙo min kwandona."

Ta sauko a hankali, ta dafa kan Nasiru.

"Maigida, na gaji da mota. Kai ni in ga ɗakin da an ka ce."

Suka wuce ta gabana suka shiga zaure. Ni kuwa na tsaya a waje riƙe da jarka, har sai da Hadiza ta leƙo ta ce in shigo in nuna inda makullin yake.

Wata biyar ta yi a wannan ɗaki, ta rasu ana shirin shuka. Har ta bar duniya ba ta kira sunana ba, kuma ban ƙara jin zafin haka ba. Kowace safiya nakan zauna a bakin ƙofarta, ta yi ta ba Nasiru labari da murya mai ƙarfi yadda zan ji.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Mudi da Alhaji Isuhu da iyalinsa, da Sani da ya ɓace a lokacin da ya dace. Wanda ya ɗauke wutar Yamai a yammacin nan ban san shi ba, amma yana cikin addu'ata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.