Inna da kyankyasan madafinta

Na ɗaga gwangwanin maganin feshi ke nan a madafin kakata a Gwaram, sai ta riƙe hannuna. Na manta tana da asma.

"Wane iri ka gani, ɗan nan?"

Na ce, "Inna, ai duk kyankyaso ɗaya ne."

Ta yi dariya. "Manyan jajayen daga masai suke fitowa, a rufe bakinsa. Ƙananan kuwa ragowar tuwo suke bi. Kakata, tun kafin zuwan Turawa, ba ta barin ƙwarya ta kwana ba wanki, tsagar bango kuma da laka take liƙewa."

Tare muka kwaɓa laka, ina liƙewa tana gyara min. Jiya ta aiko cewa kyankyasan sun yi ƙaura.

Ku wace dabara tsofaffinku suka koya muku?