Kujerar Malam An

Shekara huɗu na yi ina aiki a ƙarƙashin mutumin da ban taɓa gani ba. Sunansa An. Shi ke ba da kowane umarni a firamaren da na fara koyarwa, a wani ƙauye da ke bakin hanyar Rano zuwa Kibiya, kuma ta bakin hedimastanmu kaɗai yake magana.

"An ce kowa ya kawo littafin darasinsa." "An lura wasu na makara." "Ba a ji daɗin sharar yau ba." Hedimasta dogo ne, mai fara'a, mai son turare, amma ko sau ɗaya ban ji ya ce "na ce" ba. In ka tambaye shi wa ya ce, sai ya ɗaga ido wajen kwanon rufi, ya ce, "To, an dai ce." Da farko na ɗauka ofishin ilimi yake nufi. Daga baya na lura An ɗin nan ya san yawan sukarin da muke zubawa a shayi, ya kuma san wanda ya ajiye babur a inuwar da hedimasta ke so.

Kalmar "na" tana nan a bakinsa, ajiye ta yake kamar rigar Sallah. Ranar da mai unguwa ya zo ya yaba lambun makaranta, muna tsaye muka ji hedimasta ya ce, "Wallahi na sha wahala a kan lambun nan." Mu da muka yi wata uku muna ɗibar ruwa daga rijiya muka kalli juna, muka ce masa sannu da ƙoƙari.

Malaminmu na Arabiyya, wani dattijo mutumin Zurgu wanda tsokana ta fi gemunsa tsawo, shi ya ce bai kamata babban mutum kamar An ya riƙa yini a tsaye ba. Ya janyo wata kujera mai ƙafa uku daga sito, ya tokare ta da bulo a ɗakin malamai. Kullum da safe sai mu rusuna mu gaishe ta: "Malam An, an tashi lafiya?" Wani lokaci har kofin shayi muke ajiye mata. Da hedimasta ya tambayi ta waye ce, dattijon ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce a ajiye ta." Hedimasta ya buɗe baki zai tambayi wanda ya ce, sai ya rufe, ya wuce ofishinsa.

A bayan ido nake dariyata, domin ina da abin da nake tsoron rasawa. Inna, mahaifiyata, tana kwance a gidanmu na Rano, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Matata ke kula da ita, amma ni kaɗai ke iya ɗaga ta in jingina ta, kuma ba ta yarda ta ci abincin rana sai na dawo. Daga makarantar nan kafin la'asar ina gida. Saboda haka duk abin da An ya ce, ina yi, don kada a ɗauke ni daga wurin.

Wata Laraba da damina, labari ya zo cewa an kawo taki Rano, ana rabawa. Hedimasta yana so ya je, amma ba ya son a ce ya tafi ya bar makaranta a buɗe. Makon nan ni ke kula da ƙararrawa, wani guntun ƙarfe da ke rataye a jikin dalbejiya. Wajen sha ɗaya ya same ni a ƙofar aji, ya ce, "Malam, an ce a tashi yara. Hadari ya haɗo."

Na ɗaga kai. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ina?"

"An dai gani," in ji shi.

Na buga ƙarfe. Yara suka fashe da ihu suka watse. Hedimasta ya riga ya ɗora ƙafa a kan babur sai ga sufeto daga ofishin ilimi, yana kutsowa da nasa babur ɗin ta tsakiyar yaran da ke gudu. Ya tara mu a ɗakin malamai, ya cire hula, ya share gumi.

"Wa ya tashi yara da sha ɗaya?"

"Wallahi ni ma ƙarar kawai na ji," in ji hedimasta. "An dai buga." Ya juyo ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mara lafiya.

Sufeto ya ce, "Malam, kai ka buga?"

"Ni na buga, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

Har yau ban san abin da ya hau kaina ba. Raina ya ɓaci, ga kuma dariya tana cin cikina. Na nuna kujera mai ƙafa uku, da kofin shayinta da ya huce, na ce, "An ne ya ce. Ga kujerarsa nan, yanzu ya fita."

Malamin Arabiyya ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Sufeto bai yi dariya ba. Hedimasta ma bai yi ba, murmushi kawai ya yi, kuma murmushin nan ya fi zagi tsorata ni.

Bayan mako biyu takarda ta zo. Hedimasta da kansa ya miƙa mini, yana girgiza kai. "An ga ya dace ka koma can yankin Nariya. Ba a so haka ba, wallahi." Na karɓa na gode. A hanyar gida na tsaya a gindin wata tsamiya na daɗe, ina zagin bakina, domin ban san yadda zan gaya wa Inna ta daina jirana da abincin rana ba.

Sabuwar makarantar tana can ciki, inda hanya ke zama taɓo da damina. Shugabarta wata Hajiya ce, gajera, mai tabarau da igiya, wadda ba ta ɓata fara'arta a kan kowa. Ranar farko na isa da laka har gwiwa. Ta dubi agogo, ta dube ni.

"Ka makara minti ashirin. Ni na gani, ni na rubuta. Kuma na ji labarin kujera. Nan ba mu da ita."

A take na tsane ta. Na sa mata suna Hajiya Ni, na raɗa wa sauran malamai, sai suka ce ai ta san da sunan, wani ya riga ni, kuma ta ce ya yi mata. "Ni na ce a sake wannan darasi." "Ni na hana." Babu inda mutum zai ɓuya, babu kuma wanda zai yi gunaguni a kansa sai ita, ga ta nan tsaye a gabanka. Amma ranar da ta rikita ranar jarrabawa, ta tsaya gaban yara da malamai ta ce, "Ni na yi kuskure, ku yi haƙuri." Na juya ina neman wanda za a ɗora wa, ban samu ba, har na ji wani iri.

Da makarata ta yi yawa ta kira ni ofis. Na shirya ƙarya uku, amma ta ce gaskiya take so, sai na gaya mata zancen Inna. Ba ta ce sannu ba. Ta ɗauko jadawalin darussa, ta soke nan, ta rubuta can, ta mayar da duk darussana kafin azahar. "Makara kuwa ban yafe ba," in ji ta. "Ka riƙa fitowa da wuri."

Haka muka yi wata bakwai. Wata Talata, ranar da ake jiran sufeto, shi dai wancan mai share gumi, matata ta kira ni da ƙarfe goma. Muryarta kawai na ji na gane. Na je na tsaya a ƙofar ofishin Hajiya da alli a hannu, ina jin cewa in sufeton nan ya sake samuna da laifi, sai dai a tura ni inda ko waya ba ta shiga.

"Hajiya, an kira daga gida. An ce jikin ya ɗan motsa."

Ta sauke tabarau. "Wa ya kira? Jikin wa?"

Sai a lokacin na ji wanda ke magana da bakina. Kunya ta kama ni. Na ce, "Matata ce. Mahaifiyata ce, Hajiya. Ina jin tsoro."

"Tafi."

"Sufeto fa?"

"Ni na ce ka tafi." Ta miƙo hannu ta karɓe allin.

Na samu Inna da sauran numfashi. Ta gane ni. Na ɗaga ta na jingina ta a ƙirjina kamar kullum, na ba ta ruwa da cokali, ta ce yau na dawo da wuri. Bayan azahar Allah ya karɓi abarsa, tana jingine a jikina.

Daga baya malamai suka ba ni labari. Sufeto ya tambayi inda malamin aji biyar yake, wato ni, Hajiya ta buɗe masa littafin makaranta, inda ta rubuta da hannunta cewa ita ta sallame ni, ita ta riƙe ajin. Ya ce ba ta da ikon yin haka a ranar duba makaranta. Ta ce to, ya rubuta sunanta, kada ya yi kuskuren harafi. Takardar tuhuma ita aka kawo wa, kuma ba ta taɓa yi mini zancenta ba.

Ranar uku ta zo Rano ta'aziyya. Ta shiga wajen mata, da za ta tafi ta sa aka kira ni soro. Na fito na rusuna. Ta daɗe tana murza igiyar tabaranta, sannan ta ce, a hankali, "Malam, an yi rashi."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin An a bakinta. Kwana uku ina amsa gaisuwar maza ido a bushe, amma a nan sai na zauna a dakalin soro na yi kuka.