Karen Kaka Dudu

Gidanmu bai taɓa kiwon kare ba sai sau ɗaya, shi ma ɗin ban ga ƙuruciyarsa ba. Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya a lokacin, muna zaune a wani ƙauye a gindin duwatsun Roni, bayan farin nan da ya cinye mana shanu. Mu Fulani ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, kuma gaskiya fartanyar ba ta karɓe mu ba. Abin da ya rage mana 'yan tumaki ne da awaki, su ma dila ya sa su a gaba. Cikin wata guda ya ɗauke mana 'yan raguna biyu.

Baffa, mahaifina, ba ya ƙaunar kare ko kaɗan. Ya zauna gaban malamai, ya riƙe cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da kare yake. Mahaifiyarsa kuwa, Kaka Dudu, a ruga ta girma, inda kare ke kwana cikin maruƙa ba wanda ya damu. Da a wani gida ne da sun zauna sun yi musu an wuce wurin. To amma Baffa ɗan farinta ne, kuma Kaka irin tsofaffin nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana duban bango. In akwai magana, ni ne ɗan aike.

"Maigidana, zo nan," haka take kirana da wasan jika. "Je ka ce wa wancan, in jira yake dila ya yi masa sallama kafin ya shigo, to ya yi ta jira."

Baffa na zaune taku biyar daga inda take, amma dole in taka in je in maimaita masa, ina danne dariya. Sai ya dube ni ya ce:

"Ka ce wa Inna na ji. A kawo karen. Amma ba zai tsallako danga ba, can wajen turke zai zauna."

Ranar ni da ƙanwata Hansatu ba mu ci tuwon kirki ba don murna. Ɗan ƙanen Kaka, Kawu Buba, yana zaune a ruga wajen Gwiwa, karyarsa ta haihu. Kaka ta aika masa, ya ce ya ware mata namiji ɗaya, amma sai ya fara lasar abinci da kansa, nan da kasuwa uku zai kawo shi.

Kasuwa ukun nan, ba mu da aiki sai na kare. Muka sari kara muka kafa masa 'yar bukka kusa da turken awaki, muka rufe ta da tsohon zana. Sau biyu akuya tana cinye rufin. Mahaifiyarmu ta ba mu wani fasasshen kasko, ta shafa masa baƙin tukunya a gindi don kada ya taɓa komawa cikin kwanukan gida, ta kuma gargaɗe mu cewa duk wanda ya bari kare ya lashi ƙwaryarta, shi zai wanke ta sau bakwai har da ƙasa, sannan ya sha duka. Kaka ta zauna tana tufka igiyar rama, siririya mai laushi, wai kada ta ci masa wuya. Ta rage cin ƙanzo, tana shanya shi a kan rumbu tana tarawa. Suna kuwa mun yi faɗa a kansa har Hansatu ta cije ni, ba mu kuma daidaita ba. Ban taɓa ganin Kaka da walwala irin ta kwanakin nan ba, har waƙar tatsar nono take yi da Fulatanci, alhali ba saniya ko ɗaya a gidan.

Ana cikin haka wani abokin Baffa ya zo daga Kano, da sabon keke da agogo da rediyo rataye a kafaɗa. Shekarun da kuɗin mai suka fara zuba ke nan, kowa ka gani hankalinsa yana birni. Na kai musu ruwa na ji yana cewa wata masaƙa tana neman masu gadi, albashi duk wata, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Bayan tafiyarsa Baffa ya shiga zagaya turke yana danna ƙugun tumaki da tafin hannu, yadda masu saye ke yi a kasuwa. Kaka tana zaune da igiyarta, ta gani, ta ci gaba da tufka.

Saura kwana shida a kawo kare Baffa ya kira ni da hantsi.

"Je ka ce wa Inna ina so in sayar da dabbobi mu koma Kano gaba ɗaya. Ka ce ina neman yardarta."

Na ruga da gudu, don ni a raina na riga na isa Kano. Na ji labarin fitilar da ba a zuba mata kananzir, da ruwan da ke fitowa daga ƙarfe. Na faɗa wa Kaka saƙo ina haki. Ta kalli igiyar da ke cinyarta.

"Ka ce masa shi ne da gida."

Iyakar abin da ta ce ke nan, iyakar abin da na kai kuma ke nan.

Lokacin ɗari ne. Da an ci tuwo bayan magariba mukan taru a ƙofar ɗakinta, mu da yaran maƙwabta, ta hura wuta da kara da busasshen kashin shanu, mu miƙa tafin ƙafa muna gasa gyaɗa a toka. Ba ta fara tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Sai ta kalli duhu ta ce, "Ga baƙuwa can tafe, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna nan kusa da mu!" Ranar ma haka ta fara, sai dai ba ta yi dariyar da ta saba ba.

Ta ce da can Kare da Dila uwarsu ɗaya, suna zaune a kogon dutse. Kare ne babba. Wata shekara aka yi sanyin da ba a taɓa yi ba, tsohuwar tana ta rawar ɗari. Kare ya hango hayaƙi a garin mutane, ya ce zai je ya ɗebo mata wuta ya dawo kafin rana ta faɗi.

"Sai uwar ta ce kada ya je?" in ji Hansatu.

"Ina fa, 'yar nan. Ɗan farinta ne. Bakinta ya yi nauyi. Sai ta juya fuska ta ce wa Dila, ka ce masa ya yi yadda ya gani. Amma cikinta kuka yake, yana cewa ni sanyin nan bai dame ni ba, zauna kusa da ni, ɗuminka ya ishe ni."

Kare ya isa gari ya tarar da mace tana kwashe tuwo. Ta jefa masa ƙashi. Ya ce bari in ci tukuna, in samu ƙarfin ɗaukar wuta. Da ya ci sai ya kwanta gefen murhu, ya ce bari in ɗan ji ɗumi. Da ya farka gari ya waye, garwashi ya mutu, ya ce to sai gobe. Goben ma aka jefa masa ƙashi. Rannan ya tashi ya ji igiya a wuyansa, bai ma san lokacin da aka ɗaura ba, kuma abin bai dame shi ba.

"Kukan nan da kuke ji a kan dutse da yamma," Kaka ta ce tana tona toka da tsinke, "Dila ne yake kiran wansa, yana cewa tsohuwa fa tana nan tana jira. Haushin da karnukan gari ke yi kuma amsa ce. Cewa suke gobe, gobe."

Wani yaro ya tambaya ko uwar ta samu wutar daga baya. Kaka ta ce, "Baƙuwa ta tashi, wanda bai ji ba ya tambayi toka." Ta shige ɗaki ta bar mu da gyaɗarmu tana ƙonewa.

Kada kowa ya ce yaro ne ni, ban san komai ba. Wallahi na gane. Ni na kai saƙon safe, na kuma ji shi ya fito daga bakin uwar Kare kusan kalma da kalma. Na kwanta ina sane da cewa Kaka ta ba ni saƙo na biyu, wanda shi ne na gaskiya.

Washegari ina bin Baffa zuwa rijiya da guga a kaina, sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Jiya me kakarka take ba ku ne har kuka yi tsit?"

Na tuna fitila, na tuna rediyo. Na ce, "Ba komai, Baffa. Tatsuniyar kare ce kawai, saboda wanda za a kawo."

Ya ce, "To."

Ranar kasuwa ya kora dabbobi, ya dawo da igiyoyi a hannu. Da aka fara ɗaure kaya Kaka ta kira ni, wannan karon ba ta ce maigidana ba.

"Ka ce wa babanku na yi alkawari da Buba. Ba zan bari ya kawo ɗan kwikwiyo ya tarar da kango ba. Ku je, zan biyo ku."

Baffa ya bar mata awaki uku da hatsin rumbu, ya damƙa ta amana ga maƙwabta. Muka hau akori-kura a Kazaure ranar Talata. Kawu Buba ya kawo kare ranar Alhamis.

Ba ta biyo mu ba, mu ma ba mu koma ba. Baffa yana aika mata da atamfa da sukari da goro, kullum yana cewa in an yi hutun Sallah za mu je. Sallah ta zo sai a ce masu gadi ba su da hutu. Mutumin da ya ƙi kare saboda tsarki, ga shi yana kwana a ƙofar wani yana tsaron dukiyar da ba tasa ba. Na shiga makaranta, na koyi kunna fitila da yatsa ɗaya, cikin wata biyu ta daina burge ni. Haka muka yi shekara uku.

Saƙon rasuwarta ya same mu kwana biyu bayan an binne ta. Muka isa da azahar. Dangar gidan ta faɗi ta gefe ɗaya. Baffa ya nufi ɗakinta, sai wani jan kare ramamme ya taso daga bakin ƙofar, gashin wuyansa a tsaye, yana haushi kamar zai tsage. Duk inda Baffa ya matsa sai ya tare. Maƙwabcinmu ya zo da sanda yana cewa, "Karen Dudu ne, tun da aka fita da ita bai ci komai ba. A ɗakin yake kwana, a ƙafafunta. Bai san ku ba ne." Ya ɗaga sanda, Baffa ya riƙe hannunsa.

"Ƙyale shi. Ina zai san mu?"

Sai da aka ɗaure shi sannan muka shiga ɗakin Kaka. Da za mu tafi na roƙa a tafi da shi, aka ce mai gidan hayarmu ba zai yarda ba. Kawu Buba ya mayar da shi ruga, ya tsinke igiya ya dawo kangon har sau biyu. Daga nan ban sake jin labarinsa ba.

Na girma da maganar bakin rijiyar nan a ƙirjina. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi aikin gwamnati har na gama, amma duk lokacin da na ji kare na haushi da yamma sai ta dawo mini sabuwa. A ganina ni na raba uwa da ɗanta. Da na buɗe baki na faɗi tatsuniyar yadda take, da Baffa bai sayar da ko tunkiya ɗaya ba. Na ji haushin Kaka ma, na ce wace irin kunya ce wannan da za ta sa mutum ya ɗora wa yaro ɗan shekara goma abin da ya kasa faɗa da bakinsa?

Sai da Baffa ya tsufa, idonsa ya tafi, sannan na iya faɗa masa. Ina yanke masa farce a tsakar gida wata safiya na ce, "Baffa, akwai ƙaryar da na yi maka tun ina yaro." Na ba shi tatsuniyar tun daga kogo har zuwa gobe, gobe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ka manta wuri ɗaya. Ta ce Kare ya waiwayo sau ɗaya a bakin kogo, uwar ta yi kamar tana barci."

Na saki hannunsa.

"Ina bayan rumbu a tsaye," ya ce. "Ai ba don ku ta ɗaga murya ba. Na ji ta tun daga farko har ƙarshe."

"To me ya sa ka tambaye ni?"

"Ina neman wanda zai ce mini ba komai ne. Kai kuma ka ce."

Na zaci in na ji irin wannan nauyin zai sauka, amma bai sauka ba, raba shi kawai muka yi. Shekara da shekaru na ɗauka darasin Kaka shi ne kada ka bar gida don ƙashin wani. Yanzu ba na jin haka. Mutane suna tafiya, dole ce ke tafiyar da su, ita ma ta san da wannan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ukun nan, ni da Kaka da Baffa, kowa ya san abin da ake ciki sarai, kuma kowa ya samu hanyar da zai ƙi faɗa. Ita ta fake da kunya, shi ya fake da ni, ni na fake da yarinta. Wanda ya zauna da ita har ƙarshe shi ne wanda muka ce kada ya tsallako danga.