Rigar Damisa a Bakin Zaure

A gidanmu na Ƙofa, da an idar da sallar isha'i sai mu zagaye murhun Kaka Dije, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni da ƙanena Sale kullum muna gaba. Sale kuwa zuciya gare shi kamar kuturu. Makon da ya fasa wa ɗan maƙwabta baki, Baba ya rantse in ya ƙara zai kai shi Mawashi wurin kawu, ya zauna can. Hankalina ya tashi, don ban saba ko cin tuwo ba Sale ba.

Kaka ta dube shi tana dariya. "Matso nan, mijina sarkin hushi. Ga ta nan, taka ce yau."

Wai an yi wani barde mai rigar fatar damisa. In ya sa ta sai idonsa ya rufe, yana gurnani yana cizon garkuwarsa, ƙarfe ba ya cin sa. Ran nan ya kori mahara, ya dawo gida bai tuɓe ba, har ya ɗaga takobi kan ɗansa da ya rugo taryensa. Matarsa ta sha gabansa da ƙwaryar fura.

Nan Kaka ta ƙanƙance murya: "Damisa ba ta shiga gidan ga. Tuɓe ta, mai gida ya shigo ya sha hura."

Kashegari Kaka ta sa aka kafa ƙusa a zaurenmu. Duk ranar da Sale ya dawo yana huci, sai ya rataye rigarsa nan. Kafin ya ƙaraso tsakar gida tsirara rabi, muna ta sheƙa dariya, shi ma ya dara.

Bara 'yata mai karatun tarihi ta nuna mini kalmar "berserk". Sunan wasu mayaƙa ne na arewacin Turai a zamanin da, masu haukacewa a fagen fama. Ta ce asalinta "rigar fatar beyar", wata ƙatuwar dabbar dawa, ko da yake wasu sun ce "ba riga" ake nufi. Har garkuwa suke cizo!

Na kira Sale, wanda yanzu shi ake nema in an yi rikicin iyakar gona. Mawashi kuwa bai je ba sai ɗaukar amarya. Da na ba shi labarin, ya yi dariya har da tari.

"Yaya, ashe har can akwai irina? To su wa ke tsare masu ƙofa? Ni dai ƙusata na nan, jiya ma na rataye riga."