Sunan Malam a Gefen Tallar Caca

A shekarun da wannan abu ya faro ni budurwa ce mai ji da kanta. Na gama difloma, na samu aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati da ke Sabon Gari, kuma a duk gidanmu na Limancin Kona ni kaɗai ce na iya kwamfuta. Yayyena maza duk sun fi ni karatun addini nesa ba kusa ba, amma da zarar wayar ɗayansu ta rikice, ɗakina ake nufowa. Wannan ya sa kaina ya kumbura, ina ganin babu abin da ya shige mini duhu a harkar intanet. Ina roƙon Edita ya sakaya sunana, don gidanmu ba ɓoyayye ba ne a cikin birni, kuma abin da ya same mu ya riga ya ishe mu.

Mahaifinmu, wanda duk muke kira Malam, mai karantarwa ne a zaure. Tun ina yarinya nake jin muryarsa bayan sallar asuba, ɗalibi na jan baƙi yana fassara masa. Matan unguwa ba sa shiga zaure, sai dai su biyo ta wajen Inna, mahaifiyata, su faɗa mata tambayarsu a kunne, ita kuma ta kai wa Malam ta dawo da amsa. Tambayoyi ne na tsarki da jego da azumin mai ciki, irin waɗanda mace za ta shekara tana jin kunyar furtawa. Ni kuwa da nake gefe ina saurare sai na ga ai ga hanya mai sauƙi: in buɗe shafin bulog, in riƙa rubuta amsoshin nan, duk mai waya ta karanta a ɗakinta ba sai ta buɗe baki gaban kowa ba.

Na kai wa Malam maganar. Ya tambaye ni ko nawa ake biya, na ce masa kyauta ne, ko sisi ba a karɓa. Ya tambaya wa ke da wurin, na ce wani kamfani ne na Turawa, amma shafin nawa ne, babu mai sa komai a ciki sai ni. Da bakina na faɗa masa haka, kuma a lokacin har zuciyata na yarda da abin da na faɗa. Sai ya amince, da sharaɗi ɗaya: a rubuta sunansa da na unguwarsa a sama. Ya ce ilimin da ba a san daga bakin wa ya fito ba bai cancanci a yi aiki da shi ba, kuma idan akwai kuskure yana so a san wanda za a tuhuma duniya da lahira. Washegari a ofis na buɗe imel na kyauta, na buɗe shafin da shi. Wani dogon rubutun Turanci ya fito yana neman in amince, na danna na wuce kamar yadda kowa ke yi.

Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Bayan la'asar nakan zauna gefen buzunsa in rubuta, in karanta masa ya gyara, da safe in buga in ɗora. Mata daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna rubuto godiya. Duk lokacin da na buɗe shafin a kwamfutar ofis, fes nake ganinsa, babu komai sai sunan Malam da maganarsa. Ban san cewa mai shafi idan ya shiga da kalmar sirrinsa wani abu yake gani, baƙo kuma wani abu daban ba.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Aka yi mini aure na tare a Kwarbai, na samu ciki mai laulayi, na haihu da ƙyar har sai da aka yi mini aiki. Ina cikin jego aka zare mini waya a asibiti wajen layin rigakafi. Maigidana ya sayo mini wata da sabon layi, na ce in na warware zan je a dawo mini da tsohon, ban je ba. Da na koma aiki na tarar an kwashe tsofaffin kwamfutocin ofis an kawo sababbi. Kalmar sirrin kuwa tsohuwar kwamfutar ce ke riƙe mini ita, ni na daɗe da mantawa. Na ce a raina ai ba komai, abin da aka rubuta yana nan yana amfanar mutane, in na samu sarari zan waiwaye shi.

Wata safiya babban yayanmu ya zo gidana ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce in sa hijabi Malam na kira. A hanya ya faɗa mini abin da ya faru. Wani dattijo cikin tsofaffin ɗaliban Malam, ɗan fansho ne mai son nuna ya waye, 'yarsa ta ba shi labarin shafin. Ana gab da tashi karatu, zaure cike da mutane, ya ce bari ya nuna wa Malam irin alherin da ake yaɗawa da sunansa. Bawan Allah da zuciya ɗaya ya yi. Ya buɗe a wayarsa ya miƙa, mutane suka leƙo. A ƙarƙashin sunan Malam, tsakiyar bayanin wankan tsarki, ga hoton wata mata kusan tsirara tana riƙe da ƙwallo, tana kiran mutane su zo su buga caca su ci miliyoyi. Yaya ya ce Malam ya mayar wa mutumin wayarsa, ya tashi ya shige gida ko addu'ar tashi ba a yi ba.

Na same shi a ɗakinsa, Inna na zaune a bakin ƙofa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni kawai ko ba ni ce na ce masa babu mai sa komai a wurin sai ni ba. Na shiga bayani ina in'ina, cewa talla ce, kamfanin ne ke sawa don da ita yake samun kuɗi, ba da sanina ba ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi abin da ya sani, duk abin da ke kan takardar da ke ɗauke da sunan mutum, na mutumin ne. Ya ce idan ya ba wani aron zaurensa, aka kafa teburin caca a ciki, babu wanda zai ce zauren wani ne. Ya ce in je in cire sunansa, in goge komai, yau ba gobe ba. Na ce masa an gama, kafin azahar ma.

Wallahi da na san abin da ke gabana da ban yi wannan alkawari ba. Na gwada duk kalmar da na taɓa amfani da ita, sunan Inna, sunan makarantarmu, ranar haihuwata, duk a banza. Na danna wurin da aka ce na waɗanda suka manta ne, shafin ya ce ya tura saƙo zuwa imel ɗina. Na je imel, shi ma ya nemi kalmar sirri. Na ce na manta, ya ce ya tura lamba zuwa wayata, ya nuna mini ƙarshen tsohon layina. Na hau Keke zuwa ofishin kamfanin waya, na sha layi har ƙafata ta kumbura, wata yarinya mai taunar cingam ta duba ta ce layin ya daɗe ba a amfani da shi, an sayar wa wani. Na ce mata nawa ne, ta ce da can.

Na kira lambar. Wani mutum ya ɗauka, ba Bahaushe ba ne, daga can Kudu. Na lallaɓa shi da ɗan Turancina, na ce wata lamba za ta shigo wayarsa, don Allah ya karanto mini. Kafin in rufe baki ya wanke ni tas, ya ce ya san irinmu, 'yan damfara ne masu kwashe wa mutane kuɗi a banki. Maigidana ya kira, mutumin ya zage shi. Yaya ya sa wani abokinsa mai jin yarensu ya kira, mutumin ya ce ashe ƙungiya ce guda, ya toshe mu gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin bai yi laifi ba. Ni kaina na sha gargaɗin mata a gidan biki kada su kuskura su ba kowa lambar da ta shigo wayarsu.

Sai na koma kan kamfanin. A nan na gane cewa wurin da ake ba ka abu kyauta babu mutum a ciki. Babu ofis, babu lambar waya, babu wanda za ka riƙe wa riga. Tambayoyi ne kawai a allo: wane wata kika buɗe, wa kika fara aika wa saƙo, daga wace na'ura. In cika in tura, amsa ta dawo nan take cewa ba su iya tabbatar da ni ce ba. Na rubuta musu doguwar takarda ina kuka, na ce sunan mahaifina ne, dattijo ne mai mutunci, suka aiko mini da godiya da waɗannan tambayoyin dai. Wani ya ce in an biya kuɗi ana cire talla, na ce zan sayar da ɗan kunnena in biya, ashe sai ka shiga ciki kake iya biya. Har ƙarar shafin nawa na kai, na sa ƙawayena da 'yan ofis suka kai, aka amsa mana cewa an duba, shafin bai saɓa wa ƙa'ida ba. To dama ina zai saɓa, tunda su suka sa matar?

Ana haka magana ta zaga birni, kuma ta canza kama a hanya. Wasu suka ce ana biyan gidanmu kuɗin tallar. A wani gidan suna a Kufena wata mata ta tambaye ni, tana murmushi, ko da dala ake biya. Ƙasan rubuce-rubucen kuma, inda mata ke godiya a da, ya cika da masu tallar maganin maza da masu neman abokan hira, ina gani ba ni da ikon goge ko ɗaya. Na ce zan buɗe sabon shafi in yi bayani, Malam ya hana. Ya hana a ɗauki muryarsa a waya, ya hana a rubuta amsarsa. Mata suka koma bin Inna, da Inna ta fara ciwon ƙafa ta daina fitowa tsakar gida, da yawansu suka koma haɗiye tambayarsu.

Duk zuwan da zan yi gida sai Malam ya tambaye ni ko an cire, ni kuma in ce ana kan ƙoƙari. Da ciwo ya kwantar da shi, Yaya ya ja ni gefe ya ce in ce masa an goge kawai, tunda ba waya gare shi ba, hankalinsa ya kwanta. Na shiga da niyyar faɗa masa haka. Da ya ɗago ya dube ni sai na kasa, na ce masa shafin yana nan. Ya ce shi ya yafe mini tun ranar farko, ya san da niyyar alheri na yi. Abin da ke damunsa, in ji shi, bai san ko mutum nawa ne suka zo neman hukuncin tsarki a ƙofarsa suka fita ta ƙofar caca ba, kuma bai san me zai ce idan aka tambaye shi ba. Bai sake tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na koya, ya 'yan'uwa, wanda ya ba ka wuri kyauta shi ne mai wurin, kai ɗan zaman alfarma ne, kuma yana da abin da yake sayarwa da kai ko ka sani ko ba ka sani ba. Kafin ka ɗora sunan iyayenka ko na malaminka a irin wannan shafi, ka ari wayar wani ka duba yadda baƙo ke ganinsa. Kada ka bar kwamfutar ofis ta riƙe maka kalmar sirri. Idan layinka ya ɓata, ka je a dawo maka da shi a makon, ko da rarrafe ne. Kuma kada ka ce wa dattijo abu naka ne alhali ba ka karanta sharuɗɗansa ba, don shi da gaske yake ɗaukar maganarka.

Shafin yana nan har yau. Muryar Malam babu wanda ya ɗauka, littafi bai rubuta ba, maganarsa da ta rage a duniya ita ce wadda ke can. Idan kewarsa ta dame ni nakan shiga kamar kowace baƙuwa, in ɗora babban yatsana a kan tallar, in karanta mahaifina.