Ranar da Muka Ɓuya a Ɗakin Yaya Rabi

Shekara bakwai ke nan da aka fita da Yaya Rabi daga gidanmu na Tudun Wada, fitar da ba a dawowa. Kowace shekara nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, don yabon mamaci kowa ya iya shi. Bana kam na rubuta, amma ba yabo ne ya zaunar da ni ba. Kunya ce.

Yayata ce ciki ɗaya, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Ni Hausa na koyar har na yi ritaya. Kullum tana yi mini tsiya wai ni da ɗalibaina mun ƙware wajen siffanta duhu da karin magana, ita da nata kuwa fitila suke kunnawa. Wata shekara wata ƙungiya ta ba ta ɗan tallafi don ta kwaɗaita wa 'yan mata karatun kimiyya da aikin injiniya. Tallafin bai taka kara ya karya ba. Da shi ta sayo filaya da sukundireba, da dalma da ƙarfen narka ta, da na'urar auna wuta, da ƙananan farantan sola, da tsani guda na ƙarfe. Ta share ɗakin da ke jikin zaure, wanda bayansa ke kallon titi, ta ce duk Asabar makaranta ce.

Da farko dariya aka yi mata. Mace da tsani? Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya kuma ta san unguwarta. A nan, in wayar wuta ta ƙone da safe, matar gida haka za ta wuni ba fanka ba fitila har maigida ya dawo, don mai gyara namiji ne, ba ya wuce zaure. In kuwa zai hau rufin kwano, sai an yi shela, matan gidan da na maƙwabta su bar tukunya a kan wuta su shige ɗaki har ya sauko. Da wannan ta bi iyaye gida-gida. "Ku ba ni 'ya'yanku mata," in ji ta. "Su ba a yi musu shela." Maganar da ta shiga kunnen iyaye maza ke nan, ba zancen jami'a ba. In sun juya baya sai ta kashe mini ido ta ce da tsani ake farawa, sauran karatun yana can sama.

Cikin yaran da suka zo har da Bilki, 'yar wata mai waina a Tudun Jukun, yarinya mai surutu kamar an kunna rediyo. Ran farko ta ƙona gefen hijabinta da ƙarfen dalma, ta yi kuka, Asabar ta zagayo ta riga kowa zuwa. Haka aka yi ta yi har ciwo ya kwantar da Yaya.

Bayan rasuwarta muka kulle ɗakin, wai kada a taɓa mata kaya. Sannu a hankali ya zama wurin jibge tukwanen biki da tsofaffin katifu. Tsanin kuma muka fito da shi tsakar gida muna shanya zannuwa a kai. Bana sai babban wanmu, Alhaji Sani, wanda ke riƙe da gidan, ya ce da an gama addu'ar shekara za a rushe bangon da ke kallon titi a mai da ɗakin shago. Har an sauke bulo a ƙofar gida.

Mun so kuma mu yi mata sadakar da za ta ɗore, sai muka yanke a sa sola ta riƙa jan ruwan rijiyar burtsatsen gidan, a fitar da famfo waje kowa ya ɗiba. Alhaji ya kira wani matashi daga Kwangila, mai ladabi, wanda ya san aikinsa. Ba ni da abin faɗa a kansa. Kaya suka makara, ba su iso ba sai ranar addu'ar kanta, gida cike da mata. Bilki ma ta zo, kamar yadda take zuwa kowace shekara, da kwanon wainar mahaifiyarta. Yanzu ta gama karatun injiniya, ta yi aure, da ɗanta a goye, kuma ita ke sa sola a gidaje da yawa a Hanwa.

Muna cikin rabon abinci muka ji Alhaji ya yi gyaran murya daga zaure. "Salamu alaikum! Za a hau sama, mata a shiga daga ciki." Nan da nan tsakar gida ta watse. Ɗakuna suka cika, sai na ɗauko mabuɗi na buɗe ɗakin Yaya, muka dura ciki, muka zazzauna a kan tukwane.

Zafi kamar gidan burodi. A bango zanen allin Yaya na nan bai goge ba, batir da waya da ƙwan fitila. Sama kuma muna jin takun ƙafar mutum a kan kwano. Inna Talatu, tsohuwar maƙwabciyarmu wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta ƙura wa Bilki ido ta ce, "Ke 'yar nan, ba ke ce kika sa wa jikata wutar sola a gidansu na Hanwa ba? Me kike yi a nan cikinmu?"

Bilki ta gyara goyonta ta ce, "Inna, an ce mata su shiga ciki. Ni ma ai mace ce."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. A lokacin na lura a kan akwatin kayan aikin Yaya take zaune, tana shafa murfinsa da yatsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gidan matar da ta ce a ba ta yaran da ba a yi musu shela, a ranar tunawa da ita, mun yi shela mun kora ɗalibarta ɗaki. Kuma ba mugunta ba ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da muke shawara, ko mutum ɗaya a cikinmu bai tuna da Bilki ba. Mun san ta a matsayin mai kawo waina. Ashe Yaya inuwar giginya ce, na nesa ke shan ta.

A wannan zaman ne Bilki ta faɗa wa Inna, ba ni ba, cewa ita ma ta sami ɗan tallafi irin na Malama, amma ta rasa wurin koyarwa. Ta samu shago a bakin titi, iyaye sun ce ba za su tura 'ya'yansu mata shago ba, sai dai cikin gidan da suka sani. In ba ta sami wuri kafin a koma makaranta ba, za a ba wata tallafin a wani gari. Ba ta roƙi ɗakin ba. Ta ga bulon da ke ƙofa, ta yi mana kara.

Nakan tambayi kaina, da Yaya za ta leƙo yau, me za ta ce? Na san za ta ji daɗi ta ga an daina mamakin yarinya ta ce injiniya za ta zama, har a rediyo ana zancen. Za ta karɓi ɗan Bilki ta yi masa rawa. Daga nan za ta juyo kaina da wannan kallon nata na aji, ta ce, "Malamar Hausa, rijiya ta bayar, wa ya hana?" Ta san na san amsa. Mun rubuta sunanta da fenti a jikin tankin ruwa, tsaninta kuwa zanina ne a kai.

Tun da nake ban taɓa mayar wa Alhaji magana ba. Ran nan bayan la'asar na same shi a zaure, na durƙusa na ce, "Yaya Alhaji, yau mun yi wa Rabi sadaka, mun kuma ɓoye ɗalibarta a ɗaki." Na faɗa masa sauran, na roƙe shi ya bar wa Bilki ɗakin. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba. Can ya ce ya riga ya yi magana da magina. Ban tashi ba. Da ya ga ba ni da niyyar tashi, ya ce, "To, aro ne. Zuwa bayan damina. In yara ba su zo ba, bango zai sauka."

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce an cika ɗakin ba. 'Yan mata kaɗan ne suka zo Asabar ɗin farko, bulon kuma har yau yana nan a jibge, kullum sai na wuce ta gefensa. Kayan aikin wasu sun yi tsatsa, farantan sola na Yaya sun zama tsohon yayi. In abin da ya rage nata ƙarfe ne da suna a jikin tanki, to ba mu riƙe amana ba, kuma ba mu da bakin cewa mun riƙe.

Amma na ga wani abu da idona. Na kwashe shanya daga kan tsanin, Bilki ta jingina shi da bango za ta hau da yaran su goge sababbin farantan, ta nuna musu yadda aka haɗa wayoyin. Alhaji na zaure. Sabo ya sa ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum, za a hau..." sai ya tsaya.

Inna Talatu ta ɗaga murya ta bayan katanga. "Wa zai hau?"

Alhaji ya ce, "Bilki ce."

"To ta hau mana," in ji Inna. "Tuwo nake tuƙawa."

Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya kai haske kabarinta. Ran nan ba matar da ta tashi daga gindin murhunta.